Madatsar Usuma da abin da ke gangaro mata daga tudu

Kusan duk ruwan famfon da ke zuwa gidajen Abuja daga wuri ɗaya yake tasowa, wato madatsar Lower Usuma da ke gefen Ushafa a Ƙaramar Hukumar Bwari. An gina ta a shekarun 1980, kafin gwamnatin tarayya ta tare a sabon birnin ranar 12 ga Disamba 1991, domin ƙaramar madatsar Jabi da aka fara da ita ba za ta iya shayar da babban birni ba. Jinga ce ta ƙasa da aka danƙare aka tare kogin Usuma a tsakanin duwatsu. Idan ta cika maƙil tana riƙe da ruwa kusan mita kubik miliyan 100. Kuma da yake Ushafa ta fi cikin gari tudu, ruwan da aka tace gangarawa yake yi da kansa zuwa tankuna, abin da ya rage wa Hukumar Ruwa ta Abuja kuɗin wuta da na dizal sosai.

Lissafi ɗaya ya isa ya nuna yadda nauyin ya ƙaru. Matatun farko guda biyu an tsara kowacce ta tace mita kubik 5,000 a awa, wato 240,000 a kwana idan aka haɗa su. Da irin wannan ɗiba, madatsa cikakkiya za ta riƙe gari fiye da shekara ko da ɗigo bai shigo ba. Da aka ƙara matata ta uku da ta huɗu, kowacce mai 10,000 a awa, jimilla ta koma 720,000 a kwana idan duk suna aiki bakin ƙarfinsu. A haka ruwan ba zai kai wata biyar ba, alhali ranin Abuja kansa yakan ɗauki Nuwamba zuwa Maris, ga kuma abin da rana ke shanyewa. Don a tari wannan giɓi ne aka gina madatsar Gurara a Jihar Kaduna, mai ɗaukar mita kubik miliyan 880, aka ja bututu mai faɗin mita 3 na tsawon kilomita 75 yana zubo ruwa cikin Usuma.

Bututun Gurara ya magance ƙarancin ruwa, kuma aiki ne da ya cancanci yabo. Sai dai ya lulluɓe wata matsala wadda a da raguwar ruwa za ta tona. Madatsar da ake ciko mata ruwa daga waje ba ta nuna ciwonta da wuri: laka na cin gindinta, taki da bahaya na taruwa a cikinta, sandar awo kuwa na nuna ruwa a cike. Kamar randa ce da ake ƙara wa ruwa kullum, ba a taɓa juye ta an wanke ba. Abin da ke yi wa Usuma illa daga tudu yake zuwa, daga duk ƙasar da ruwan samanta ke malalowa cikin tafkin, wadda ta haɗa da gonakin ƙauyukan Gbagyi, da sabbin unguwannin da ke kewaye da Ushafa, da wani ɓangare na unguwar Mpape. Ikon masu kula da madatsar kuwa a bakin shinge ya tsaya.

Ruwan fari

Makonnin da suka fi wahalar da matata su ne na farkon damina, Afrilu zuwa Mayu. Wata biyar ƙasa na bushe, an ƙone ciyawa, shanu sun tattake gaɓa, kwatoci sun cika da leda da toka da kashin dabbobi, ƙurar wuraren fasa dutse ta kwanta a kan komai. Ruwa biyu ko uku masu ƙarfi ke kwashe wannan tari gaba ɗaya, kuma a daidai lokacin da tafkin ya fi ja baya, ba shi da yawan da zai sirka dattin.

Ƙa'idar ruwan sha ta Najeriya, wadda aka fitar a 2007 aka sabunta a 2015, ba ta yarda laka a ruwan famfo ta wuce 5 a ma'aunin NTU na dagulewar ruwa ba. Matata mai kyau ma ƙasa da 1 take nema, saboda ƙwayoyin cuta kan laɓe a jikin ƙwayar laka, kulorin ya kasa kai musu. Ruwan rafi bayan ruwan fari kuwa yakan kai ɗaruruwa.

Da alif ake kwantar da laka, amma ba a zuba shi da ka. Mai gwaji yakan jera kwalabe shida, kowacce da lita 1 ta ɗanyen ruwa, ya sa musu alif hawa-hawa, misali miligiram 10, 20, 30 har zuwa 60. A motsa da sauri minti ɗaya, a koma juyawa a hankali minti 15 zuwa 20, a bar su su kwanta rabin awa, sannan a duba wadda ta washe da mafi ƙarancin magani. A rani gwaji ɗaya a rana yakan isa. A ruwan fari kuwa ruwa na sauya hali cikin awoyi, sakamakon safe ba ya amfani da la'asar, dole duk wanda ya karɓi aiki ya sake nasa gwajin. Akwai kuma tarkon da ke kama wanda bai goge ba. Ƙasar Bwari ta dutse ce, ruwan da ke fitowa daga irinta ba shi da gishirin ƙasa mai yawa da zai kashe tsami, alif kuwa tsami yake kawowa. Idan aka yi ta ƙara shi ba tare da farar ƙasa ba, ruwan ya ƙara tsami har ma'aunin tsami na pH ya faɗi ƙasa da 6, sai lakar ta ƙi dunƙulewa. Mai aiki ya ga ruwa bai washe ba ya ƙara alif, abin ya ƙara dagulewa, ragowar sinadarin ya wuce cikin bututu, ruwan mai tsami kuma ya riƙa cin ƙarfe.

Ƙarin miligiram 10 a lita kamar ba komai ba ne. A matatar da ke tace mita kubik 240,000 a kwana, tan 2.4 ne na alif kullum, buhu 48 masu kilo 50. Idan ana tace 480,000, buhu 96. Tankunan yashi da ke tsince ragowar datti, waɗanda a ruwa mai kyau sukan yi kwana ɗaya ko biyu kafin a wanke su, sai su toshe cikin 'yan awoyi. Kowane wanki da tataccen ruwa ake yinsa, tankin da ake wankewa kuma ya fita daga aiki. Abin da mutumin Kubwa ko Gwarimpa ke gani shi ne famfo ya yi rauni ana tsaka da ruwan sama, ya rasa dalili.

Laka: inda take fitowa da inda take kwanciya

Milimita 1 kacal na ƙasa idan ya zaizaye daga hekta 1, mita kubik 10 ke nan, tan 13 zuwa 15, kusan lodin tifa guda, kuma mai gonar ba zai ma lura ba. Kunyar doya ko ta masara da aka ja ta bi gangare tana zama magudana. Ƙonon daji da sarar kirya da kaɗanya don gawayi suna barin ƙasa tsirara lokacin da ruwan fari ya zo. Amma a yankin da gari ke cin daji, irin Mpape da Ushafa, abin da ya fi zubo laka a kowace hekta shi ne filin gini da aka share da katafila aka bari, da hanyar jar ƙasa marar kwata, da bakin kwalbati inda aka tattara ruwan unguwa guda aka sake shi kan gangare ba dutse ko ɗaya a ƙarƙashinsa. Daga irin wannan baki ne kwazazzabo ke farawa. Haƙar yashi a cikin rafi ma haka take: da zarar gadon rafin ya yi zurfi, gaɓa sai ta rasa madogara ta zube, ramin kuma ya riƙa cin hanya yana hawa sama kowace damina.

Mutane da yawa sun ɗauka laka can wuri mafi zurfi take zuwa, inda injiniyoyi suka riga suka ware mata ruwan gindi da ba a ɗiba. Ba haka take yi ba. Yashi da tsakuwa suna faɗuwa nan take inda rafi ya shiga tafki gudunsa ya mutu, wato a wuri marar zurfi, wanda shi ne ainihin ruwan da ake sha a rani. Yumɓu mai laushi kuwa yakan yi makonni yana yawo bai kwanta ba. Idan aka yi ruwa mai ƙarfi, ruwan rafin mai sanyi da nauyin laka yakan nutse ƙarƙashin ruwan tafkin ya bi gindi har jikin jinga, saman tafki a washe, abin da ke shiga ƙofar ɗiba ta ƙasa kuwa ja wur.

Hanya ɗaya ce ta sanin nawa aka yi asara: awon zurfi. Kwale-kwale da na'urar da ke auna zurfi da amon sauti, haɗe da GPS, a bi layukan da aka tsayar tun farko daga gaɓa zuwa gaɓa, a maimaita kamar duk shekara biyar, a kwatanta da taswirar lokacin gini. A ganinmu sakamakon irin wannan awo bai kamata ya kwanta a durowar ofis ba. Duk shawarar da za a yanke kan filayen da ke sama da madatsar a kansa ta dogara, kuma jama'ar da ke shan ruwan suna da haƙƙin saninsa.

Yashe tafki mai wannan girma ba mafita ba ne. Kuɗinsa ya fi ƙarfin kasafin ruwa, sai an nemi filin zubar da lakar, kuma dama gindin yana tayar da abin da ya daɗe a kwance. Yashewar da ke biyan kuɗinta ita ce ta bakin rafuka, a rani, lokacin da ruwa ya ja baya katafila za ta iya shiga kan busasshiyar ƙasa.

Aikin gaske a tudu yake, kuma ba shi da tsada, sai dai yana son ƙwarewa. A cikin kwazazzabo ana yin shingen dutse a ragar waya. Tsayinsa a tsakiya kada ya wuce mita 1. Tazara tsakanin shinge da shinge gangare ke yanke ta: gindin na sama ya yi daidai da kan na ƙasa, don haka a gangaren da ke sauka mita 5 a kowace mita 100, duk mita 20 ake sa ɗaya. A tona a cusa shi rabin mita cikin gaɓa ta kowane gefe da cikin gadon rafi, tsakiya ta fi gefuna ƙasa don ruwa ya bi ta kai, a shimfiɗa duwatsu a gabansa inda ruwan zai faɗa. Yawancin waɗanda ke rushewa a damina ɗaya, ɗayan uku ne ya faru: an daidaita kansu ruwa ya zagaya ta gefe, ko ba a yi shimfiɗa ba ruwa ya rarake gindi, ko an yi guda ɗaya dogo a maimakon gajeru goma don ya fi kyau a hoto. Wanda ya tsira kuma idan ya cika da yashi ba a kwashe ba, ya gama aiki. A nan masu haƙar yashi za su iya zama abokan aiki: a ba su izinin kwasa daga bayan shingayen a hana su gadon rafi, su sami abin sayar wa masu bulo, madatsa ta huta.

A gona, ciyawar jema ta fi komai. Ana dasa ta jere a kan layin da ya ratsa gangare ba hawa ba sauka, tazarar santimita 10 zuwa 15 tsakanin tushe da tushe, a sake wani layin duk inda ƙasa ta sauka mita 1 zuwa 2. Saiwarta miƙewa take yi ƙasa mita 2 zuwa 3, ba ta yaɗuwa ta ci abincin shuka, wuta da kiwo ba sa kashe ta, ganyenta kuma ana jinka da saƙa da shi. Lokacin dashe ƙarshen Mayu zuwa Yuni ne, bayan ruwa ya zauna. Duk tushen da ya mutu a maye gurbinsa cikin makonni, domin giɓi ɗaya a layin yana tattara ruwa wuri guda ya haifar da ramin da ake gudu.

Gefen rafi da na tafki suna buƙatar ɗamarar ciyawa da itatuwa, aƙalla mita 30, fiye da haka inda gangare ya yi tsanani. Malmo da giyayya da gora a bakin ruwa, maje da ɗorawa da maɗaci a sama. Bishiyar turare ba ta dace da bakin rafi ba, tana shan ruwa sosai kuma ƙarƙashinta ba ya yin ciyawa. Dashen da ake yi a biki cikin Agusta ko Satumba, saiwa ba ta kama ba rani ya shigo, wutar Disamba ta ƙarasa shi. A dasa a Yuni, a share hanyar tare wuta mai faɗin mita 3 zuwa 5 tun Oktoba, a ƙirga masu rai a Maris, a biya mai kula gwargwadon waɗanda suka rayu. Mafi arha ma shi ne abin da manoman Maraɗi da Damagaram suka yi tun shekarun 1980: kututturen da ke tohowa a gona a rage masa rassa a bar biyu ko uku su girma. Saiwarsa ta riga ta kai ruwa.

Abin da ido ba ya gani

Laka ana ganinta. Fosfat, sinadarin taki da ke ciyar da tsiro, ba a ganinsa, kuma ya fi ta daɗewa. Daga masai da sokawe yake fitowa, da ruwan wanki, da kwatar mahauta, da kashin kaji da na shanu, da takin zamani. Idan ya shiga tafki yakan manne a jikin laka ya kwanta. Ruwan Gurara na iya sirka na sama, amma na gindi yana nan yana jira.

A watannin zafi ruwan sama mai ɗumi yana zama a kan na ƙasa mai sanyi, ba sa gauraya. Ganye da gansakuka da suka mutu suka nutse suna ruɓewa su cinye iskar oksijin da ke ƙasa. Da zarar ta ƙare, lakar sai ta saki fosfat ɗin da ta riƙe, ƙarfe da manganis su narke, warin ruɓaɓɓen ƙwai ya taru. Sai hunturu ya zo a Disamba da Janairu, sanyin dare ya sanyaya ruwan sama ya yi nauyi ya nutse, iska ta dama tafkin daga sama har ƙasa. Cikin kwana biyu ruwan gindi ya hau. Kifi ya taso yana haki, ruwan famfo ya riƙa barin tabo mai ruwan ƙasa ko baƙi a jikin farin kaya. Ƙa'ida ta tsayar da ƙarfe a miligiram 0.3 a lita, manganis a 0.2, kuma alif ba ya kama narkakken manganis, sai an fara ba ruwan iska ko an sa sinadarin da zai mayar da shi ƙwaya. Duk wannan ana iya hango shi. A auna ɗumi da oksijin a kowace mita daga sama zuwa ƙasa kusa da hasumiyar ɗiba, wato ginin da ake jan ruwan tafki ta cikinsa zuwa matata, sau ɗaya a wata, duk mako biyu daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Inda hasumiya ke da ƙofofi hawa-hawa, wannan awon ne ke faɗa wa ma'aikata wacce za su buɗe.

Fosfat ɗin da ya hau shi ke ciyar da gansakuka idan zafi ya dawo. Wata irinta mai kama da koren fenti a kan ruwa tana fitar da gubar da ke taɓa hanta, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ta wuce maikirogiram 1 a lita, kuma tafasa ruwa ba ya kashe ta. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a antaya kulorin tun a bakin matata ko a watsa magani a tafki. Hakan fasa ƙwayoyin yake yi, gubar da warin ƙasa-ƙasa su fito cikin ruwa. Daidai shi ne a kama su da ransu da alif a kwashe, a sa garin gawayi na musamman ya tsotse wari da guba, kulorin ya zo daga baya. Kainuwa kuwa da hannu ake cire ta tun tana 'yar kaɗan a lungu, domin takan ninka kanta cikin kamar mako biyu, kuma a kai ta can bayan iyakar cikar ruwa, in ba haka ba damina ta dawo da ita.

Masu lambu, makiyaya, masunta

Idan ruwa ya ja baya a rani yakan bar ƙasa mai danshi da taki, kuma babu mai lambun da zai gan ta bai yi sha'awa ba. Sai dai duk abin da aka zuba a wannan ƙasa, takin zamani ne ko maganin ƙwari ko na ciyawa, a tsakiyar damina ruwan sha zai rufe shi. Wanke injin feshi a bakin rafi ma ya fi feshin kansa illa. A kafa turakun kankare a kan layin cikar ruwa yadda kowa zai gani, a hana huɗa da feshi daga nan zuwa ƙasa. Hanin ba zai ɗore ba sai an nuna wa mutum wani fili, kuma wurin da ya dace shi ne ƙasa da jinga, inda ruwan da ya fita daga lambu ba zai koma tafki ba.

Shinge kaɗai ba ya hana shanu, ƙishirwa ce ke yanka waya. Saniya a bazara tana shan lita 30 zuwa 40 a rana, garken 100 na neman lita 3,000 zuwa 4,000. A gina kwamin shayarwa a waje da ɗamarar, a kan burtali, da rijiyar burtsatse ko famfo mai hasken rana, a zauna da arɗo a tsayar da wurin tare da shi. Dalilin da ya sa muke matsa wannan ya wuce tattake gaɓa: kashin 'yan maruƙa na ɗauke da wata ƙwayar gudawa mai ɓawo wadda kulorin ba ya kashewa, tacewa ce ke tsayar da ita, kuma ruwan fari, lokacin da ta fi shigowa, shi ne lokacin da tacewar ta fi rauni.

Masunta su ne suka fi kowa sanin tafkin, kuma su ne na farko da ke ganin kifi ya taso ko tankar bahaya ta juye kaya a rafi da dare. Korarsu asara ce. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta hana guba da nakiya da lantarki, ta kuma hana ragar da idonta bai kai milimita 76 ba, wato inci 3, ban da wasu kayan kama ƙananan kifi da ta keɓe. Hikimar a fili take: kalli mai ƙaramin ido yana kama karfasa kafin ta yi ƙwai ko sau ɗaya, taru kuma idan aka ja shi a bakin gaɓa yana share ramukan da take haƙa don ƙwai. Zuba gubar kifi irin gamalin da magimfa a tafkin ruwan sha ba abin sassauci ba ne ko kaɗan. Abin da ke aiki shi ne rajistar kwale-kwale mai lamba, mashiga ɗaya ko biyu da aka sani, hutun kamu a farkon damina lokacin da tarwaɗa ke hawa rafuka yin ƙwai, da sarkin ruwa wanda hukuma ta amince da shi yana hukunta nasa. Kwale-kwalen filafili ya wadatar, injin da ke haɗa fetur da baƙin mai yana barin maiƙo a kan ruwa. Kiwon kifi a keji kuwa, duk ribarsa, bai dace da Usuma ba, domin mafi yawan fosfat ɗin da ke cikin abincin kifin a ruwa yake ƙarewa.

Jingar kanta ba ta son itace ko ɗaya, saɓanin gaɓa. Saiwa idan ta ruɓe tana barin hanyar ruwa, haka ramin gafiya da suri. Gajeriyar ciyawa ake so don ido ya ga tsagewa ko danshi. Kowace jingar ƙasa tana ɗan tsatsafo da ruwa, abin lura shi ne yawansa da launinsa: idan ya ƙaru alhali tafki bai ƙaru ba, ko ya fito da laka, cikin jingar ne ke zubewa. Wanda ya san yadda madatsar Bagauda ta fashe a 1988 da ta Alau a Satumban 2024, ya kuma san yawan jama'ar da ke zaune a Kubwa a ƙasa da wannan madatsa, ba zai ɗauki wannan awo wasa ba.

Wa ke da iko da tudu

Nan ne lamarin ya fi tsauri. Hukumar Ruwa na da tafki da matata. Izinin gini na wani sashe ne na hukumar birnin, shara da kwata na hukumar kare muhalli ta Abuja da Ƙaramar Hukumar Bwari, lasin fasa dutse na ma'aikatar ma'adinai ta tarayya a ƙarƙashin dokar 2007, Gurara kuma na ma'aikatar albarkatun ruwa. Wanda ke sa hannu a takardar fili ba shi ke sayen alif ba, don haka ana tufka ana warwara. Ba wai ba a iya haɗa kai ba ne. Bayan motsin ƙasa na Satumban 2018 an dakatar da fasa dutse a Mpape cikin kwanaki. Laka ce dai ba ta girgiza gidan kowa.

Duk lokacin da aka tayar da maganar Mpape, abin da ke fara zuwa bakin mutane rusau ne. Amma rusau na shekarun 2003 zuwa 2007 yana cikin abin da ya tura jama'a unguwannin gefe tun farko, kuma wanda aka rushe wa gida yakan ƙara hawa tudu ne, inda ba kwata ba hanya. Gidan da ke cikin gadon rafi ko ƙasa da layin cikar ruwa dole ya tashi, da diyya da wurin komawa. Sauran kuwa abin da suke buƙata aiki ne: masai mai nisan aƙalla mita 30 daga rafi, wurin da tankar bahaya za ta juye kaya kusa kuma da arha don kada direba ya zaɓi rafi, kwandon ƙarfe a bakin manyan kwatoci da ake kwashewa duk bayan ruwa, da tafkin tace laka a kowane wurin fasa dutse da kowane babban filin gini a matsayin sharaɗin izini. Limamai na da abin faɗa a nan, tunda hadisi ingantacce ya hana bawali a ruwan da ba ya gudu. Amma wa'azi ba zai yi tasiri ga mutumin da ke hango tafkin daga ƙofar gidansa yana sayen jarka wajen ɗan garuwa ba. Ƙauyukan gefen madatsa su ya kamata su fara samun famfo.

Kuɗin fa? Nairobi ta kafa asusu a 2015 wanda masu amfani da ruwa a birni ke zuba wa kuɗi, ana kashewa a gonakin da ke saman kogin Tana. Abuja na iya ware wani ƙayyadadden kaso daga kuɗin ruwan da ake karɓa, a ajiye shi daban don aikin tudu kawai, a kuma riƙa kwatanta shi da abin da aka rage na alif da farar ƙasa duk shekara.

Kuɗin kuma sai ya fito a kan lokaci, domin aikin damina yake bi, ba shekarar kasafi ba. Hanyar tare wuta a Oktoba, awon oksijin akai-akai daga Nuwamba, kwashe yashi da gyaran shingayen dutse daga Janairu zuwa tsakiyar Maris, share kwatocin Mpape da cika rumbun alif da farar ƙasa kafin Afrilu, dashen jema da itatuwa a Yuni. Idan kuɗin kwashe yashi ya fito a Mayu, katafila ba za ta iya shiga rafi ba, kuma abin da ke bayan shingayen ya riga ya isa tafki.